Silifas Kullum: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lafiyar Ƙafa

Wanda ya tsaya a ƙofar Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a ya dubi takalman da aka tuɓe, zai ga silifas ya fi kowane irin takalmi yawa. Haka abin yake a Kasuwar Barci, a tashar Kawo, a layin Keke na Rigasa. Da shi muke shiga banɗaki, da shi muke alwala, da shi muke zuwa kasuwa, wani ma da shi yake hawa gini. Na daɗe ina wankin ciwo a wani ƙaramin asibiti a cikin garin nan na Kaduna, kuma yawancin ƙafafun da ake miƙo mini, silifas ake zarewa daga jikinsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda marasa lafiya da 'yan rakiyarsu suka fi yi mini.

Da gaske silifas yana da illa, ko dai tsoratarwa ce kawai?

Silifas ba guba ba ne. A banɗaki, a wurin alwala, a tsakar gida, ko aike zuwa shagon bakin layi, babu takalmin da ya kama ƙafarsa. Yana raba fata da ƙazanta, yana barin iska ta ratsa yatsu, ana wanke shi ya bushe nan take. Illarsa tana farawa ne lokacin da aka ɗora masa aikin da ba don shi aka yi shi ba: tafiya mai nisa a kan kwalta, tsayuwar wuni a kan siminti, ɗaukar kaya, gudu, tuƙi. Sai kuma halinmu na ƙin rabuwa da shi har diddigensa ya cinye ya koma kamar takarda.

To me yake yi wa ƙafar idan ana tafiya da shi?

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi sama da 100 da ke riƙe da su. Tafin ƙafa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, a lanƙwashe yake kamar baka. Daga diddige zuwa gindin yatsu akwai wata faffaɗar jijiya mai kauri da ke yi wa bakan nan aikin tsirkiya. Duk takun da aka yi, bakan ya ɗan buɗe, tsirkiyar ta miƙe, sannan ta dawo ta tura mutum gaba. A daidai lokacin da diddige ke tashi daga ƙasa, yatsu sukan lanƙwashe sama, wannan ne ke ɗaure tsirkiyar ta yi ƙarfi.

Silifas kuwa babu abin da ke riƙe shi a baya. Igiya ce ƙwaya ɗaya tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Don kada ya fice, sai yatsu su riƙa damƙarsa, suna danna ƙasa a lokacin da ya kamata su saki. Mutum ba ya sanin yana yi. Gwada da kanka: yi taku goma a hankali da silifas, ka lura da yatsunka lokacin da ka ɗaga ƙafa. A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Auburn da ke Amurka sun auna tafiyar ɗalibai 39 da silifas da kuma kambas, suka ga cewa da silifas taku yana gajarcewa, yadda ƙafa ke sauka a ƙasa ma yana sauyawa. Taku goma ba komai ba ne. Amma mai talla da ya taso daga Tudun Wada ya zaga Kasuwar Gumi ya dawo, taku dubbai ya yi, yatsunsa a damƙe. Da dare sai ya ji tafin ƙafa da sha-raɓa da gaban ƙwauri suna masa tsami, ya ce gajiya ce.

Kullum da asuba in na sauko daga gado, diddigena kamar na taka ƙusa. In na ɗan yi tafiya sai ya lafa. Mene ne wannan?

Wannan ita ce alamar da aka fi sanin ciwon waccan tsirkiya da ita, a daidai inda ta manne da ƙashin diddige. Cikin dare jijiyar tana tsukewa, takun farko sai ya fizge ta. Haka yake dawowa in an daɗe a zaune aka miƙe, kamar bayan doguwar tafiya a mota. Ya fi kama masu shekaru 40 zuwa 60, da masu jiki, da masu aikin tsayuwa: tela mai yanka, mai shayi, malamar aji, mai tuyar ƙosai, ma'aikaciyar jinya. Ba zan ce silifas kaɗai ke kawo shi ba, don masu takalmi sau-ciki ma suna yi. Amma siririn silifas da ya riga ya mutu a kan daɓen siminti yana daga cikin abin da ke hana shi warkewa.

Abin da ke taimakawa ba shi da tsada. Kafin ka sauke ƙafa da asuba, kama yatsunka ka ja su baya zuwa wajen ƙwauri, ka riƙe na ɗan lokaci, ka maimaita. Dafa bango ka miƙar da ƙafar da ke ciwo baya, diddige a ƙasa, har ka ji sha-raɓa ta ja. Da yamma ka murza tafin ƙafa a kan gorar ruwa mai sanyi. Ka daina yawo ba takalmi a kan siminti ko tayil, ka koma takalmi mai ɗan tudu da laushi a diddige. Yawancin masu wannan ciwo suna warkewa ba tare da tiyata ba, sai dai yana cin watanni, wani har kusan shekara, kuma a nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa su tafi a yi musu sakiya ko tsaga. Ina roƙo kada a yi. Ciwon da babu rauni a waje, an mayar da shi buɗaɗɗen rauni a wurin da ake takawa.

Wani kuma za a ɗauki hoton ƙashi a ce masa ƙashi ya tsiro a diddige, hankalinsa ya tashi. Mutane da yawa suna da wannan tsiro ba sa jin komai, kuma ciwon kan tafi tsiron yana nan.

Iyayenmu da kakanninmu da fade suka yi rayuwa, wasu ma ba takalmi, ba mu ji suna kukan ƙafa ba. Me ya sauya?

Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinta. Wanda ya tashi yana tafiya ba takalmi, ko da takalmi marar nauyi, yatsunsa sukan baje, tsokokin tafin ƙafarsa sukan yi ƙarfi. Takalmi mai igiya tsakanin yatsu kuma ba baƙo ba ne. Mutanen Masar na zamanin fir'aunoni sun sa shi, kuma ya zo a hadisin Anas cewa takalmin Manzon Allah (SAW) maɗauri biyu gare shi.

Abubuwa uku suka sauya. Ƙasar da ake takawa: su yashi da turɓaya suka taka, mu kwalta da siminti da tayil. Jikin da ke kan ƙafar: zama ya yi yawa, ƙiba da ciwon sukari sun ƙaru. Sai takalmin kansa. Faden da baduku ya ɗinka da fata, maɗaurinsa faffaɗa ne, yana kama bayan ƙafa sosai, yana bin siffar ƙafar mai shi. Silifas na roba da soso ya bazu a duniya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an kwaikwayo shi daga takalmin gargajiya na Japan, kuma wanda ya cika kasuwanninmu mai araha ne, igiyarsa siririya, tana saki cikin 'yan makonni.

Me ya sa kaushi da faso ba sa rabuwa da ni, musamman da hunturu?

A ƙarƙashin diddige akwai kitse da ke aikin matashi. In aka taka, yakan baje gefe. Takalmi mai rufin baya yana tattare shi, silifas kuwa ya bar shi ya baje yadda ya so, fatar gefen diddige ta riƙa miƙewa. In fatar tana da laushi, babu matsala. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu da ƙurar Kaduna sun busar da ita, ga wankewa sau da yawa a rana ana barin ruwa ya bushe da kansa. Busasshiyar fata mai kauri in aka miƙe ta, tsagewa take yi.

Jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi na minti goma, a goge a hankali da dutsen goge kaushi, a tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar tana da danshi, a sa safa a kwanta. A kemis akwai man shafawa mai sinadarin yuriya, yana narkar da kaushi sosai. Abin da nake hanawa shi ne reza. Na ga fason da aka fere da reza ya zama ciwon da muka yi makonni muna wankewa. Rezar masu yankan farce na yawo kuwa, in ba sabuwa aka ɓare a gabanka ba, tana iya ɗauko cutar hanta daga jinin wani.

Da damina fa? Ai silifas ya fi, tunda ba ya riƙe ruwa.

Ta wannan fuskar ya fi. Wanda ya wuni da jiƙaƙƙen kambas da safa, shi cin ruwa ya fi kamawa, domin ƙwayar cutar tana son ɗumi da danshi. A banɗakin haya ko na makarantar kwana ma silifas kariya ne, matuƙar kowa da nasa. Matsalar damina biyu ce. Santsi: silifas da ƙasansa ya side, a kan jar laka ko jiƙaƙƙen tayil na wurin alwala, ƙafa tana zamewa a cikinsa, shi ma yana zamewa a ƙasa. Targaɗen idon sawu da karayar tsintsiyar hannu sukan faru saboda haka. Na biyu, ruwan da ke malala a layi bayan an ɗauke ruwan sama, haɗe yake da na kwata. Mai faso ko ɗan ƙaramin yanka in ya ratsa shi, ya wanke da sabulu da zarar ya isa gida, ya tsane tsakanin yatsu.

Mahaifina yana da ciwon sukari, kuma ba ya yarda da kowane takalmi sai silifas. Mu ƙyale shi?

A'a. Duk sauran amsoshin nan shawara ce, wannan kuwa gargaɗi ne. Sukari in ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa. Da farko Baba zai ce ƙafarsa na zafi kamar an zuba barkono, ko kamar ana tsira masa allura. Daga baya sai jin ya tafi gaba ɗaya. Sannan jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata, ciwo ba ya saurin warkewa. Mutumin da ke cikin wannan hali zai taka ƙaya, ko igiyar silifas ta goge masa tsakanin yatsu, ko silifas ɗin ya fice ya ci gaba da tafiya a kan kwalta mai zafi, bai sani ba. Sai an ga jini a tabarma, ko an ji wari. Yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda sukari, daga ɗan ƙaramin ciwo irin wannan suka fara. Babu abin da ke ɓata mini rai a aikin nan kamar a kawo dattijo da yatsa ya riga ya yi baƙi, a ce ai kwana goma ke nan ana sa masa magani a gida.

Ku sama masa takalmi rufaffe mai faɗin gaba da laushin ciki, da safar auduga mai haske, don in jini ya fito a gani. Kafin ya sa, a zazzage takalmin a shafa cikinsa da hannu. Kowane dare wani daga cikinku ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko shi ya duba da madubi. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsu, kuma kada a shafa mai a wurin. Da sanyi kada ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, kada a gasa masa da ruwan zafi sai an gwada ruwan da gwiwar hannu. Duk bororo, ko yanka, ko sauyin launi, a kai shi asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na koyarwa na Shika a Zariya, duk ana duba masu sukari.

Dattijo ba ya son a yi masa dole, na sani. Ku lallaɓa shi, ku bar likita ya faɗa masa da bakinsa, ya fi karɓa daga wajensa.

Ƙusa ta huda silifas ɗina ta shige ni. Na matse jinin, na sa gishiri. Ya isa?

Bai isa ba. Ciwon huda bakinsa ƙarami ne amma cikinsa da zurfi, kuma ƙusar kan tura datti da ɓurɓushin roba ciki. Wanke da ruwa mai gudu da sabulu, a rufe, a je asibiti a duba maganar allurar tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora. Mata da yawa suna samunta wajen awon ciki, maza kuwa akasari tun ta yarinta ba su ƙara ba. In ciwon mai datti ne kuma an haura shekara 5 da yin ta ƙarshe, ana sake yi. Kumburi, ja, zafi mai bugawa ko zazzaɓi bayan kwana biyu ko uku, alama ce ciwon ya harbu.

A nan zan ambaci wata al'ada tamu: in igiyar silifas ta fice, sai a soke ta da ƙusa ko waya daga ƙasa. Soson yana cinyewa, ƙusar tana matsowa kusa da fata. A kai wa shumeka ya ɗinke, ko a haƙura da shi.

Ni ɗan acaba ne. Zafi ba ya barina in sa rufaffen takalmi.

Zafin Maris da Afrilu ba wasa ba ne, amma ka tuna da ƙafar kake taka birki, da ita kake sa giya, ita kake fara saukewa in mashin ya karkace. Ƙunar salansa, ficewar farce, yatsan da ya shiga tsakanin sarƙa, duk na wanke su. Mai mota ma silifas kan maƙale masa a ƙarƙashin birki ko totur. Haka bakanike da mai walda a Panteka, da lebura a wurin gini, da mai suya kusa da tafasasshen mai. Manomi kuwa dogon takalmin roba ya kamace shi, domin yawancin saran maciji a ƙafa yake sauka. Ajiye silifas ɗinka a ƙarƙashin kujerar mashin, in an kira salla ka sauya.

Yara fa?

Da babu gara ba daɗi. Yaron da ke yawo ba takalmi a inda ake bahaya a fili, akwai tsutsar ciki da ke huda fatar ƙafa ta shiga jiki ta riƙa shan jini, kuma silifas yana rage wannan. Almajirin da aka saya wa silifas an yi masa alheri na gaske. Amma don makaranta da guje-guje, sandal mai maɗauri a baya ya fi, kuma kada a saya da girma wai don ya daɗe, tuntuɓe yake jawowa. In kin ga tafin ƙafar ɗanki a shimfiɗe kafin ya kai shekara 6, kada ki damu, bakan bai gama fitowa ba ne.

Ina da ciwon gwiwa, kuma na fi jin daɗin silifas. Ruɗin kaina ne?

Ba ruɗi ba ne, Hajiya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Rush da ke Chicago, aka buga a 2010, ya nuna cewa masu ciwon gwiwa na zaizayar guringuntsi, nauyin da ke sauka a gwiwarsu ya fi sauƙi da silifas ko ba takalmi, a kan takalma masu tauri da tudu. Sai dai abin da nake ji wa tsofaffi tsoro shi ne faɗuwa, don karayar ƙugu a shekarun girma takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi. Mafita ita ce takalmi marar nauyi, marar tudu, mai lanƙwasuwa, amma mai kama diddige. Mai juna biyu ma haka, tunda jijiyoyinta sun saki, nauyinta ya koma gaba. In kumburin ya wuce ƙafa ya kai fuska da hannu, ga ciwon kai, wannan ba maganar takalmi ba ce, a tafi a auna jini nan take.

In dole sai na sa, wane iri zan saya, kuma yaushe zan yar?

Ɗauke shi ka lanƙwasa. In ya ninke biyu a tsakiya kamar waina, ajiye. Mai kyau a gindin yatsu kaɗai yake lanƙwasa. Murɗa shi kamar kana matse wanki, in ya murɗe ba gardama, ba zai riƙe ka ba. Nemi mai kauri, mai ɗan kwarmi a diddige da ɗan tudu a tsakiyar tafin ƙafa, mai faffaɗan maɗauri da ya zo har tsakiyar bayan ƙafa, mai zane a ƙasa don santsi. Diddige kada ya leƙo waje, yatsu ma haka. A gwada da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. Araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi guda huɗu a shekara ya biya kuɗin sandal mai kyau bai sani ba.

Ajiye shi a kan tebur ka dube shi ta baya. In gefe ɗaya ya cinye ya karkace, ƙafarka ma a karkace take sauka a kowane taku. In shatin diddige ya lotsa ba ya dawowa, ko ƙasan ya side, aikinsa ya ƙare. Na banɗaki kuma ya zauna a banɗaki, a riƙa wanke shi da sabulu ana shanyawa a rana.

Zan tafi aikin Hajji, kuma dole in bar rufaffen takalmi in na ɗaura harami. Yaya zan yi?

Allah ya sa a yi karɓaɓɓe. Tafiyar ƙasa a can tana da yawa. Safa da Marwa kaɗai, kai da komowa bakwai, ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa daga Mina. Ka nemi sandal mai ƙarfi wanda ya bar idon sawu a buɗe, ka tambayi malamin bita ko siffarsa ta dace da harami. Kada ka bari sai kana sansanin alhazai na Mando ka ɓare shi daga leda. Saya tun da wata guda ko biyu, ka riƙa zagaya Dandalin Murtala da shi da safe, in zai yi maka bororo ya yi a gida. Ka riƙe ƙaramar jaka ta zuba takalmi, ka shiga da ita masallaci, da silifas na biyu a ciki. Alhazai da yawa sukan fito su rasa inda suka tuɓe nasu, su taka kwaltar Makka da rana tsaka ba takalmi, tafin ƙafa ya saɓule, musamman masu sukari da ba sa jin zafin. In hakan ta same ka, tsaya a inuwa ka aiki wani ya sayo maka.